Ɗaukar hoton ƙabilun nesa: abin da kyamara ke nunawa da abin da ake gogewa

Wajen shekarar 1910 Edward Curtis, Ba'amurke mai ɗaukar hoto, ya shiga tantin wani dattijon ƙabilar Piegan a Montana mai suna Little Plume, ya ɗauke shi zaune da ɗansa Yellow Kidney. A hoton na asali akwai agogon tebur ajiye a tsakaninsu. Da aka zo buga shi a littafi, agogon babu shi, an goge. Curtis ba ɗan tasha ba ne a wannan sana'a. Attajiri J. P. Morgan ne ya ɗauki nauyin aikinsa, ya ɗauki hotuna sama da 40,000 a ƙabilu fiye da 80, ya fitar da kundi mai juzu'i 20 tsakanin 1907 da 1930, kuma har gobe jikokin waɗanda ya ɗauka suna neman fuskokin kakanninsu a ciki. Amma ya yi aikin ne da tunanin cewa mutanen nan ƙarewa za su yi, don haka a adana su kamar yadda ake zaton suke kafin zuwan Turawa. Agogo yana ɓata wannan labari, shi ya sa aka cire shi. Mutanen kuwa ba su ƙare ba.

Wannan cuta ta goge zamani daga jikin mutum ita ce babbar matsalar fannin har yau, kuma galibi ba da mugun nufi ake yin ta ba. Mai hoto ya yi tafiyar kwanaki a kwalekwale, ya iske mutum sanye da rigar ƙwallo da silifas na roba, wayarsa a hannu, sai ya roƙe shi ya tuɓe rigar ya sa kayan gargajiya. Ba laifi mutum ya yi kwalliyar bikinsa ya tsaya a ɗauke shi, kowa na son a gan shi a ranar adonsa. Laifin yana zuwa ne lokacin da aka nuna wa duniya hoton a matsayin rayuwarsa ta kullum. A 2013 Jimmy Nelson, ɗan Birtaniya, ya fitar da wani katafaren littafin hotuna mai suna Before They Pass Away, wato kafin su shuɗe. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, sun kuma yi kasuwa. Stephen Corry na Survival International, ƙungiyar kare haƙƙin ƙabilu 'yan asalin ƙasa, ya yi nuni da cewa 'yan matan Waorani na Ekwado da aka nuna ba tufa sai ganye, a rayuwarsu ta yau tufafi suke sawa. Benny Wenda, jagoran 'yan Papua ta Yamma, ya koka da yadda aka siffanta ƙabilar Dani ta yankin da mafarauta kawunan mutane, ba a ce komai ba game da abin da suke sha a hannun sojojin Indonesiya. Nelson ya kare kansa da cewa shi ba masanin al'adu ba ne, kyan mutanen yake son nunawa. To amma sunan littafin kaɗai ya riga ya yanke hukunci: mutanen suna shuɗewa da kansu, ba wanda ke ƙwace musu ƙasa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cutarwa, domin wanda aka ce ƙaddararsa ce ya ƙare, ba mai tsaya masa a kotu.

Akwai inda kyamarar ma ita ke ƙirƙirar abin da ake kira al'adar. A kwarin Omo na kudancin Habasha, matan Mursi sun shahara da faifan yumɓu da suke sawa a leɓen ƙasa, wanda ake tsagawa tun yarinya tana wajen shekara 15 ko 16. Masu yawon buɗe ido suna zuwa a mota daga Jinka, su tsaya ɗan lokaci, su zaɓi wanda za su ɗauka, su biya kuɗin birr a kan kowane hoto da kowane mutum. Tun da wanda ya fi ɗaukar ido shi ake zaɓa, sai mata da yara suka shiga ɗora ƙahoni a ka, da totuwar masara, da kwanson katantanwa, da fenti iri-iri, abubuwan da yawancinsu ba haka ake haɗa su ba idan babu baƙo. Masanin al'adu David Turton, wanda ya yi shekaru da dama yana aiki da Mursi, ya yi rubutu kan wannan ciniki da irin rashin jin daɗin da ke cikinsa ga ɓangarorin biyu. Ba za a ga laifin Mursi ba, neman abinci suke, musamman bayan dam ɗin Gibe III da aka ƙaddamar a 2016 ya hana ambaliyar kogin da noman yankin ya dogara da ita, ga gonakin rake na gwamnati sun ci makiyaya. Mai hoton da ya dawo da fuskoki masu ƙaho bai dawo da labarin dam ba, ya bar ainihin abin da ke faruwa a can.

Kafin a zo maganar yadda za a ɗauka, akwai mutanen da ba a zuwa wurinsu kwata-kwata. Ƙabilun da suka zaɓi keɓe kansu ba su da garkuwar jiki ga mura, kyanda da makamantansu. Nahua na Peru sun rasa kusan rabin jama'arsu bayan cuɗanya da 'yan waje a shekarun 1980. Shi ya sa tun 1987 FUNAI, hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta Brazil, da jagorancin Sydney Possuelo a wannan sashe, ta koma manufar a bar su, a tsare musu ƙasarsu. A Indiya dokar 1956 ta kare ƙabilun tsibiran Andaman, kusantar tsibirin Sentinel ta Arewa laifi ne, kuma a Nuwamban 2018 mazaunansa suka kashe John Allen Chau, wani Ba'amurke ɗan mishan da ya kutsa. Hotunan irin waɗannan mutane da suka yi amfani daga nesa aka ɗauke su, don hujja. Shugaban Peru Alan García ya rubuta a 2007 kamar masu rajin muhalli ne suka ƙago zancen ƙabilun da ba a taɓa cuɗanya da su ba. A 2008 sai ga hotunan da jami'an FUNAI suka ɗauka daga jirgin sama kusa da kogin Envira, maza jikinsu shafe da ja suna ɗana baka sama. Wannan aikin hukuma ne, ba abin koyi ba ga mai neman suna.

Ga sauran al'ummomi, izini hawa-hawa ne, kuma wanda ya tsallake ɗaya aikinsa ya gurgunce. Na farko na hukuma: a Brazil ba a shiga ƙasar 'yan asali sai da takardar FUNAI, da shaidar allurar rigakafi da ta lafiya, kuma tun 2006 hukumar tana da ƙa'ida ta musamman kan haƙƙin hotonsu. Na biyu na al'umma, ta hannun majalisarsu ko dattawansu. Na uku na shi wanda za a ɗauka, kuma nan aka fi yin sakaci, ana ɗauka in shugaba ya yarda kowa ya yarda. Kudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ya yi maganar yarda wadda ba tilas a cikinta, aka nema tun kafin a fara, bayan an fahimtar da mutum. Sashe na 31 kuma ya ba su haƙƙin iko da al'adunsu da iliminsu. Fahimtarwar ita ce mai wuya. Dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da harshen da mutum bai iya ba ba yarda ba ce. Abin da ke aiki shi ne a tafi da mujalla a hannu, a nuna yadda hoto ke fitowa a shafi, a nuna a waya yadda ake tura shi ga dubban mutane ba ya dawowa, a faɗi ko za a sayar da shi, sannan a naɗi amsar mutumin da muryarsa da harshensa. A kula da tafinta. Idan shi ne ɗan jagoran da ke samun kamisho a kan kowane hoto, duk wani "a'a" zai iso kunnen baƙo a matsayin "to". Gara a nemi malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ɗan al'ummar. Kuma mai mura ko tari ba ya shiga, ko da ya kashe kuɗin jirgi. Ya killace kansa ya jira.

Kwana biyu ko uku na farko kyamara ta zauna a jaka, ko ta rataya ba a ɗaga ta ba. Ba don ladabi kawai ba: fuskar da ba ta saba da kai ba a ɗaure take, kuma hakan zai fito.

Sai maganar haske da fata, inda ko ƙwararru ke faɗuwa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ɗaukar duk abin da ke gabansa a matsayin launin toka matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. Idan baƙar fuska ta cika firam, sai ya ƙara haske, fatar ta koma fari-fari kamar an shafa toka, fararen duwatsun wuya su ƙone ba a ganin komai a jikinsu. Idan kuma sararin sama ne a bayan mutum, sai ya rage, fuskar ta zama inuwa. Maganinsa a auna hasken da ke sauka kan fuskar da ma'aunin hannu, ko a auna tabo ɗaya a kumatu a rage kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki ɗaya (rage mataki ɗaya shi ne rage hasken da rabi), a kuma ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, don a sami damar gyara. Siffar fuska mai duhu daga ƙyallinta take fitowa, ba daga inuwa ba, don haka tana son haske mai faɗi, mai laushi, daga gefe. Mafi sauƙin samunsa shi ne ƙofar bukka: mutum ya tsaya taku ɗaya daga ciki yana fuskantar waje, ya ɗan karkata, duhun ɗakin ya zama bango, hasken ƙofa ya zauna a goshi da ƙashin kumatu, ya bar ɗigo a ido. Rana tsaka kusa da tsakiyar duniya tana cika kwarmin ido da duhu, don haka a waje lokacin aiki bai wuce kamar awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta ba. Faifan mayar da haske fari mai faɗin mita ɗaya ya isa. Mai ruwan azurfa yana kashe ido, mutum ya yi ta ƙifce-ƙifce. Filasha kuwa kada a harba ta a fuskar kowa sai an fara gwada ta a kan kai a gabansu, kuma ba ta da wuri a ibadar dare sai masu ibadar sun ce a yi.

Kayan shafa suna da nasu tarkon. Matan Himba na Namibiya suna shafa otjize, jar ƙasa kwaɓe da man shanu, a jiki da gashi. A Amazon ana shafa jan urucum da baƙin jenipapo. Jan launi mai ƙarfi irin wannan yana cika tashar ja ta kyamara tun kafin jadawalin haske na gama-gari ya nuna matsala, sai fata ta fito sumul kamar roba, ba ƙofofin gumi ba gashi ba komai. A duba jadawalin launuka uku daban-daban, in ja ya manne a gefen dama a rage kashi ɗaya cikin uku ko biyu cikin uku na mataki. A ƙarƙashin dogayen itatuwan daji haske kore ne, yana mayar da fata kamar ta marar lafiya. A ɗauki katin toka a hoton farko don daidaita launi, a kuma yarda a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200 maimakon a bar saurin ƙiftawar kyamara ya sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa. Kayan aikin kansa ma yana iya yin ƙarya ba da sanin kowa ba. Farantan kolodiyon, waɗanda ake ɗaukar hoto a kansu a ƙarni na 19, shuɗin haske suka fi gani, saboda haka jarfar fuskar Maori, tā moko, takan dusashe ko ta ɓace a kansu. Michael Bradley na New Zealand ya nuna haka a fili a aikinsa Puaki, inda ya ɗauki mutane da kyamarar zamani da kuma tsohon farantin: a ɗaya ga zane ɓaro-ɓaro, a ɗayan kusan babu.

Gilashin kyamara (lens) da aka zaɓa yana faɗin matsayin mai hoto. Mai tsawon milimita 200 ko 400 na sata ne daga nesa, kuma mutane suna gane haka. Mai faɗi, 24, idan aka matso da shi kusa yana kumbura hanci da leɓe, ya ƙara wa fuska baƙunta da ba nata ba, kuma abin takaici wasu don haka suke amfani da shi. Tsakanin 50 da 85, daga nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu, fuska tana fitowa daidai kuma ana iya hira. Kyamarar ta tsaya daidai idon mutum, in yana zaune a zauna. Buɗe ƙofar gilashi sosai, kamar f/1.4, yana ba da ido ɗaya tas ya narkar da sauran, alhali kitso, tsaga, 'yan kunne da saƙar duwatsu su ne bayanin. F/4 zuwa f/5.6 ya fi. Milimita 35 kuma shi ke shigo da muhalli, tukunyar alminiyum, farantin sola a kan rufi, buhun taki.

Batun labule a bayan mutum tsohuwar muhawara ce. A 1869 John Lamprey ya fito da bango mai layukan murabba'i na inci biyu-biyu don a tsayar da mutanen ƙasashen da aka mallaka tsirara a auna jikinsu, kuma inuwar wannan tarihi tana bin duk wani bango marar komai. Mai hoto Irving Penn ya yi yawo da tanti mai karɓar hasken arewa zuwa Dahomey, Kamaru, Maroko da New Guinea. Mai hoto Sebastião Salgado ya riƙa shimfiɗa babban tamfol a ƙarƙashin itatuwa a Amazon. Amfanin wannan tsari a fili yake: wanda yake so shi ke zuwa, da adon da ya zaɓa, a lokacin da ya ga dama, don haka ya fi kusa da yadda kowa ke shiga shagon hoto. Illarsa ita ce yana yanke mutum daga ƙasarsa, ƙasar kuwa ita ce abin da ake rikici a kai. Hanya mafi adalci ita ce kada hoton labule ya fita shi kaɗai, a haɗa shi da na mutumin a gonarsa ko a bakin koginsa.

Kaya suna lalacewa ta hanyoyi sanannu. Danshi da ya wuce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kwanaki yana sa funfuna ta tsiro cikin gilashi, don haka kaya su kwana a akwati mai rufi gam da ƙwayoyin silika, a riƙa busar da su a kan wuta kaɗan idan sun sha ruwa. A sanyin Siberiya wurin makiyayan Nenets batir yana mutuwa da wuri sai an ajiye shi a aljihun ciki, kuma kyamarar da aka shigo da ita tanti mai ɗumi kai tsaye za ta yi gumi ciki da waje, sai an sa ta a leda an ɗaure kafin a shiga, a bar ta ta ɗumama a hankali. A ƙura kada a canza gilashi a fili. Kamfanonin jiragen sama galibi suna barin batir har zuwa 100Wh a jakar hannu ba tare da izini na musamman ba.

Rabin gaskiyar hoto a rubutun da ke ƙasansa take. "Matar ƙabila" ba bayani ba ne. A sa sunan mutum idan ya yarda, sunan da al'ummar ke kiran kanta da shi, wuri, shekara, da dalilin adon: na biki ne, na makoki, ko don hoton aka sa. Idan an shirya tsayuwar a faɗa. Shekarar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin hoton da ba kwanan wata yakan yi shekara arba'in yana yawo a matsayin na bana. Bayanan GPS da kyamara da waya ke liƙawa a fayil kuwa a cire su kafin a saka a intanet, musamman na wuraren ibada, maƙabartu da ƙananan ƙauyuka, tun da masu haƙar zinariya da masu saran katako su ma suna da waya. Hoton yara, da na mata a inda ba a rufe ƙirji, yana buƙatar tunani na biyu ko da an yarda, saboda abin da ba komai ba ne a ƙauyen yana faɗawa hannun da mai shi bai taɓa tunani ba.

Sannan akwai mutuwa. Yawancin 'yan asalin Ostireliya suna kauce wa suna da hoton mamaci na wani lokaci, shi ya sa tashoshin talabijin na ƙasar ke yin gargaɗi kafin shiri. Yanomami na dajin Amazon suna ƙone kayan mamaci, ba sa ambaton sunansa, hotonsa da ya rage a duniya damuwa ne a gare su. Mai hoto Claudia Andujar, wadda ta fara aiki da su a 1971, ta san wannan. A farkon shekarun 1980 ta bi tawagar rigakafi tana ɗaukar kowane mutum da lamba rataye a wuya don katin lafiya, ita da aka kashe mahaifinta da danginsa a sansanonin Nazi inda lamba ke nufin halaka. Ta yi shekaru da yawa kafin ta baje waɗannan hotuna. Abin da ya sa jagororinsu irin su Davi Kopenawa suka amince da yaɗa aikinta shi ne ya zama makamin fafutukar da ta kai ga amincewa da ƙasar Yanomami a 1992. Ta zauna, ta yi yaƙin tare da su. Saboda haka duk yarjejeniya ta ƙunshi abin da za a yi idan wanda aka ɗauka ya rasu, da lambar wanda dangi za su kira a janye hoton.

Kuɗi ba abin kunya ba ne, tsarinsa ne ke gyara ko ɓatawa. Biya kan kowane latsawa yana haifar da irin abin da ake gani a Omo. Ya fi a yi jinga da al'umma kan kwanakin aiki, a biya mutum ladan lokacinsa kamar kowane ma'aikaci, a rubuta kason da zai koma musu idan an sayar da hoto ko littafi. Alkawarin aiko da hoto kusan ba a cika shi, don haka ƙaramar na'urar bugawa nan take ta fi alkawari.

Abin da ya fi sauya fannin shi ne kyamara ta koma hannun masu fuskar. Martín Chambi, ɗan ƙabilar Quechua, ya buɗe shagonsa a Cusco ta ƙasar Peru tun shekarun 1920, mutanensa kuma suka fito a hotunansa a matsayin maƙwabta. Shirin Vídeo nas Aldeias da Vincent Carelli ya fara a Brazil a 1986 ya horar da matasan ƙauyuka su ɗauki kansu. Matika Wilbur ta fara Project 562 a 2012 don ziyartar ƙabilun da gwamnatin Amurka ta amince da su, tana barin kowa ya zaɓi wuri da tufafin da za a ɗauke shi. Will Wilson, ɗan ƙabilar Diné (Navajo) ta Amurka, yana ɗaukar mutum a farantin ƙarfe irin na da, ya miƙa masa farantin na asali ya tafi da shi, shi kuma ya riƙe kwafi da izininsa. Ta fuskar ajiya ma an sami mafita: manhajar Mukurtu, wadda Kimberly Christen ta gina tare da ƙabilar Warumungu ta Tennant Creek da ke Ostireliya a 2007, tana barin al'umma ta tsara wa zai ga me, hoton da na maza ne kaɗai, wanda na mata ne, da wanda za a rufe saboda rasuwa. Baƙon da zai yi aiki a irin waɗannan wurare ya tambaya tun farko ko akwai mai ɗaukar hoto ɗan gida da za a yi aikin tare, ya kuma bar cikakken kwafin fayilolin, masu asalin girma, a hannun al'ummar kafin ya tafi.